Funfuna a Dogon Dutse

Kwana goma sha tara muka yi a Zariya
wajen sunan jikata.
Na kulle ƙofa, na kashe mita,
na bar wa Ilu dawar kaji,
amma kujerun baranda na bar su da kushin ɗinsu
a tsakiyar Agusta, a garin Jos.
Na ba kura ajiyar nama.

Da muka dawo, hanci ne ya riga ido gani:
wari mai sanyi, irin na ƙasan randa.
Sannan ga ta nan, funfuna,
ta yi shimfiɗa, ta miƙe ƙafa,
ɗigo baƙi, ɗigo kore,
wani wurin fari kamar gemun akuya,
ba sallama, ba kuɗin haya.

Balaraba ta ce a zubar.
Na ce yadin nan a Taminus na saye shi
shekarar da na ajiye alli,
ba zan zubar da kuɗin sallamata a bola ba.

Maman Pam ta leƙo ta kan katanga
da ɗaurin ƙirji, tana dariya:
"Malam, kada ka fara da ruwa.
Fito da su fili, ɗaure hancinka,
karkaɗe ta da buroshi tukuna.
Sai lemun tsami, sai omo, sai gwiwar hannu.
Sauran kuma na rana ne."

Rana!
Ranar Jos a marka mai cin bashi ce,
ta leƙo da hantsi ta ce tana zuwa,
kafin ka juya ta bi ta bayan dutse.
Sau huɗu ina shanya, sau huɗu ina kwashewa a guje,
ni da gwiwar da likita ya ce in lallaɓa.

Uku sun yi haske a kwana na shida.
Na huɗun ya ƙi.

Na huɗun na can kusurwa, gefen tukunyar na'ana'a.
Nan Shekarau yake zama bayan la'asar
ya cire hula ya ɗora a gwiwa,
ya yi ta musu a kan farashin dankali
kamar yana da gona a Bokkos.
Damina biyu ke nan ba wanda ya zauna.
Ko baƙo ya nufi wurin
sai in ji bakina ya ce, dawo nan, ya fi taushi.

Na zuge zif, na zaro soson ciki.
Ta shige har tsakiya, baƙi ƙirin,
daidai inda nauyinsa ya bar kwari.

Mai gyaran kujeru a Dilimi ya matsa da yatsa,
ya sansana, ya kawar da kai.
"Baba, wannan ba aikin kwana sha tara ba ne.
Kushin da ake zama a kai yana shan ɗumin jiki,
ana juya shi, ana bugunsa.
Wanda aka bari, shi take nema."
Ya yanka mini sabon soso, dubu uku da ɗari biyar.
Tsohon ya jefa bayan shago.
Na tsaya ina kallonsa har ya ce, da wani abu ne?
Na ce babu.

Yadin dai ya wanku, saura tabo ɗaya
kamar girman kwabo, ya ƙi lemu, ya ƙi omo.
Na bar shi.

Yanzu in hadari ya haɗo daga Naraguta
muna kwashe su duka zuwa falo,
mu jingina su a tsaye, iska na ratsawa.
In ya ɗauke, na mayar.
Da la'asar kuma nakan ɗauki shayina
in wuce kujerata,
in zauna a kusurwa, gefen na'ana'a.
Sabon soson bai san kowa ba tukuna,
yana da tauri.
Balaraba ta gani, ba ta ce komai ba,
ta dai matso da tebur kusa da ni.